Kwamfutar Gem Tana Kuka Kamar Injin Markaɗe? Ga Yadda Za Ka Rage Ƙarar Fanka Ka Sauke Zafi



Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, duk mai kwamfutar gem a Legas, Ibadan, Fatakwal ko Anacha ya san halin da ake shiga. Ka kunna wasa, ko minti goma ba a yi ba fanka ta fara kuka, hoto ya fara tsinkewa, wani lokacin ma injin ya ɗauke ɗif ana tsakiyar wasa. In a ɗakin haya kake, maƙwabci ya fara buga bango da dare. In kuma shagon gem ne da kai, yaran da suka biya kuɗi su ce a mayar musu, gobe ka hango su a shagon gaba.

Ni a Agege nake, ina kula da kwamfutoci huɗu a wani shagon gem, kuma samari daga Mile 12 da Idi-Araba kan kawo mini nasu in duba. Kusan duk wanda ya zo, maganarsa ɗaya ce: "Fankata ta lalace, wacce zan saya?" Amsar da nake ba su ita ce zan ba ka a nan. Yawanci lafiyar fankar ƙalau. Kukan da take yi ƙararrawa ce, tana gaya maka zafi ya taru a ciki ya rasa hanyar fita. In ka bi ta kan zafin, ƙarar za ta ragu da kanta. In ka bi ta kan fankar ka toshe mata baki, to ka shirya sayen sabon kati, kuma kowa ya san kayan kwamfuta da dala ake yi musu kuɗi. Rabin gyaran nan ko sisi ba ya ci, shi ya sa na jera shi daga na kyauta zuwa na kuɗi.

Daga ina zafin yake fitowa?

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa. Injin da ke jan wat 300 lokacin wasa daidai yake da hita mai wat 300 a kunne cikin ɗakinka. Guda huɗu sun zama wat 1,200, kamar dutsen guga na lantarki, kuma su ba sa hutawa. Abubuwa biyu ne ke haifar da mafi yawan zafin: furosesa, da katin girafik. A wajen wasa katin ne ogan. GTX 1050 Ti wat 75 yake ci, GTX 1660 Super wat 125, RTX 3060 wat 170, shi kuwa RX 580 da ya cika kasuwa wat 185.

Ita fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta kawai ta kwashe iska mai zafi ta kawo ta ɗaki a madadinta. Ke nan kwamfuta ba za ta taɓa fin ɗakin da take ciki sanyi ba. Masu gwada kaya a Turai da Amurka da muke kallo a YouTube, a ɗaki mai digiri 21 zuwa 23 suke yi. Mu a nan shagon kwantena mai rufin kwano yana wuce digiri 33 da rana. Kowane digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, kusan digiri ɗaya ne kayan ciki ke ƙarawa. Don haka in ka ga katin wani Bature yana nuna 68 naka yana nuna 79, kada hankalinka ya tashi, ba a cuce ka ba, bambancin ɗaki ne.

Su kuma kamfanoni sun sa wa kayansu iyaka. Yawancin furosesoshin Intel suna rage gudu da kansu in sun kai digiri 100, Ryzen 7000 na AMD a digiri 95, katunan Nvidia da yawa kuma suna fara ja da baya a wajen digiri 83. Tsinkewar hoton nan da kake gani bayan an ɗan jima ana wasa, sau da yawa wannan ne: injin na rage ƙarfinsa don kada ya ƙone.

Fara da awo, kada ka yi cinta

Kafin ka taɓa sukundireba, sauke manhajar kyauta irin HWiNFO ko HWMonitor, ko MSI Afterburner mai nuna zafi a saman wasa. Rubuta lamba biyu a takarda: zafin injin yana zaune ba aiki, da zafinsa bayan minti ashirin ana wasa mai nauyi irin GTA V ko EA Sports FC. A ɗaki mara esi, ni abin da nake ɗauka lafiya shi ne 40 zuwa 50 a zaune, a cikin wasa kuma furosesa kada ta zauna sama da 85, kati kada ya zauna sama da 83.

Daga nan sai gwajin murfi. Cire murfin gefe, ka sake buga wasan minti ashirin. In zafi ya sauka da digiri takwas ko goma, akwatin ne ke shaƙe injin, iska ba ta shiga ko ba ta fita. In bai motsa ba, matsalar tana jikin furosesa ko katin: ƙura ta toshe ƙarfen sanyaya, ko man da ke tsakani ya bushe. Wannan gwaji kaɗai zai hana ka sayen abin da ba ka buƙata.

Sai kuma ka kasa kunne, domin ba duk ƙara ce iri ɗaya ba. Naɗe takarda kamar bututu, ka sa a kunne ka bi fankokin ɗaya bayan ɗaya. In "fuuu" ce ta iska, gudu ne ya yi yawa. In gurnani ne ko kwar-kwar, boris ɗin fankar ya cinye. In "tik-tik-tik" ne, duba da kyau, waya ce ke taɓa fukafukai. In siririn fito ne mai sauyawa da hoton wasa, daga kayan wutar kati yake fitowa, ba fanka ba ce, kuma ba alamar lalacewa ba ce. In akwatin gaba ɗaya ke rawa, sukuru ya kwance ko tsohon hadis ne ke jijjiga.

Wurin da ka ajiye ta

Mu da muka tashi a gidan fataken shanu mun san tirela ba a rufe ta ruf. Dabbobi sun fi jigata in mota ta tsaya cikin rana, domin zafin jikinsu na taruwa a tsakaninsu ba iskar da za ta kwashe. Haka kwamfuta take. In ka cusa ta cikin kabad, ko ka manna bayanta da bango, iskar da ta fitar ita za ta sake shaƙa.

Bar mata aƙalla taƙi ɗaya tsakanin bayanta da bango, gaba da sama kuma a buɗe. Ɗaga ta daga ƙasa, ko da a kan benci ko katako ne. A ƙasa ƙura ta fi yawa, ga ruwan da ke shigowa shaguna da damina. Kada ka ɗora ta kan kafet ko katifa, musamman in fankar fawa-fak ƙasa take kallo, sai ta rasa iska gaba ɗaya. Kada ka ɗora mata riga, leda ko tulin kaset a sama. A shago, kada ka jera injina yadda ɗaya zai riƙa hura wa ɗaya zafi a baki. Nisanta su da tagar da rana ke dukanta, da ƙofar da hayaƙin janareta ke shigowa.

Shagon kansa ma yana buƙatar numfashi. Fankar sama tana juya iskar da ke ciki ne kawai, ba ta fitar da ita. Ƙaramar fankar bango mai zuƙo iska waje, irin ta kicin, in aka kafa ta can sama kusa da rufi, tana taimakon injina huɗu a lokaci guda. Silin a ƙarƙashin kwano ma haka.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kada ka ajiye ƙanƙara ko ledar ruwan sanyi a bakin injin. Iskar Kudu cike take da laima, raɓa za ta taru a kan madabod, kuma ruwa da wuta ba sa shiri.

Ƙura, babbar abokiyar gaba

Wasu na ganin ƙura matsalar Arewa ce. A'a. Hunturu yana sauka har Legas a Disamba da Janairu, ga ƙurar titi, ga hayaƙin janareta da na sigari. Abin da ya sa tamu ta fi muni shi ne laima. A Kano ƙura busasshiya ce, ka hura ta tashi. A nan tana jiƙewa ta manne kamar tuwo tsakanin siraran ƙarafan hitsink, wato ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke zaune kan furosesa da kati. In ta yi bargo a wurin, ko fanka ta yi gudun tsiya iska ba ta ratsawa.

Ga yadda ake sharewa. Kashe injin, zare wayar wuta, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wuta ta fita. Fitar da shi waje. Taɓa ƙarfen akwati kafin ka taɓa kayan ciki. Yi amfani da bulowa ta hannu irin ta masu gyara, da buroshin fenti mai laushi. Riƙe kowace fanka da yatsa kafin ka hura, domin in ka bar ta tana juyawa fiye da kima boris zai lalace. Hura ta ɓangaren da iska ke fita, don ƙurar ta koma ta inda ta shigo. Fukafukan fanka kuma a goge su da tsumma ko auduga.

Kada ka kai wa mai faci ya hura maka da kwamfuresa. Iskarsa na ɗauke da ruwa da mai, ƙarfinta kuma na iya karya fukafuki. Sannan kada ka kuskura ka buɗe fawa-fak. Akwai kayan da ke riƙe wuta a cikinsa ko bayan an zare shi daga soket. Hura shi ta raga daga waje ya wadatar.

A shago ni duk wata nake hurawa, da hunturu duk sati biyu. Na gida wata uku ya isa. In akwatinka na da raga mai tace ƙura, wanke ta, ka bari ta bushe sarai kafin ka mayar. In babu, yankin gidan sauro da aka ɗame a gaban fankar shiga yana tare gashi, zare da ƙwari. Kyankyaso da tsaka suna son ɗumin fawa-fak, kuma guda ɗaya ya isa ya haɗa wuta.

Iska ta san ƙofar shiga da ta fita

Ƙa'idar mai sauƙi ce: iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. Na sha buɗe injin in tarar da fankoki biyar masu fitilu kala-kala, amma duk ciki suke hurawa, ko ta furosesa na faɗa da ta baya. Don gane inda fanka ke hurawa, duba fuskar da ke da sanduna huɗu masu riƙe da motar, inda waya ke fitowa. Ta nan iska ke fita. Wasu kuma suna da kibiya a gefe. In kana shakka, kusantar da guntun tishu, za ka ga ko an ja shi ko an ture shi.

Ga yawancin injina, biyu a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya tana fitarwa, sun isa. Ka sa mai shiga ta ɗan fi mai fita yawa. Hikimar ita ce, in mai shiga ta fi yawa, rarar iska na fita ta kowace kafa, ƙura kuma ta raga kawai za ta bi. In mai fita ta fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙar ƙura ta duk wani rami da ba raga.

Akwatunan nan masu gilashi ko roba a gaba suna da kyau a ido, amma fankokinsu manne suke da bango, ba inda za su samo iska. In irinsa ne da kai, cire murfin gaba ka gwada, lambobi za su ba ka amsa. In za ka sayi sabo, nemi mai raga a gaba. Tattare wayoyin ciki kuma ka ɗaure su gefe.

Akwai masu sayen ƙananan injinan ofis na tokunbo, irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, su sa musu kati. Dabara ce mai sauƙin kuɗi, amma ba don wasa aka ƙera akwatin ba. Kada ka wuce kati mai wat 75 a cikinsu, kuma ka tabbata akwai sarari a gefen da fankar katin ke shaƙa.

Rage wa injin aikin banza

Wannan ne ɓangaren da aka fi mantawa da shi, alhali shi ya fi aiki. Yawancin talabijin da monita da muke amfani da su hoto 60 suke nunawa a daƙiƙa ɗaya. In ba ka sa iyaka ba, kati zai yi ta zana hoto 150 ko 200, sikirin ya nuna 60, sauran sun tafi a zafi da ƙara. Shiga saitin wasan ka kunna V-Sync, ko ka sa iyakar hoto a 60. In wasan ba shi da wurin, manhajar Nvidia da ta AMD duk suna da shi. A wasannin ƙwallo irin eFootball, wannan kaɗai kan sa fankar kati ta yi shiru.

Na biyu, a MSI Afterburner akwai sandar iyakar wuta. Ja ta daga 100 zuwa 80. Kati mai wat 185 zai koma kamar 148. Gudun da za ka rasa kaɗan ne, domin ƙarshen gudun kati shi ya fi cin wuta, kamar yadda mota ke zuƙe mai in ka take ta har ƙasa. Masu Ryzen kuma suna da Eco Mode, wanda ke sauke furosesa mai wat 105 zuwa 65. A cikin wasa, sauke inuwa da hasken ƙarya daga ƙololuwa zuwa matsakaici. Yaron da ke neman cin ƙwallo ba inuwar ciyawa yake kallo ba.

Akwai kuɗi a nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san kuɗin litar fetur, kuma a Afrilun 2024 aka kai wutar Band A naira 225 kowane yunit. In ka rage wat 60 a kowane inji, injina huɗu na awa goma a rana, ka tsira da yunit 2.4 kullum, wato 72 a wata. Janareta ma zai samu sauƙi. Ita fanka wat ɗaya zuwa uku take ci, ba ita ke shan man ba.

Duba kuma abin da ke gudu a ɓoye. In injin na kuka alhali ba a komai, buɗe Task Manager. Wasannin da ake kwafowa a filasha wani lokaci suna zuwa da ƙwayar cuta mai amfani da katinka tana haƙo wa wani kuɗin kirifto.

Koya wa fanka lokacin gudu

Ƙarar fanka ba daidai da gudunta take hawa ba, ta fi shi saurin hawa nesa. In ka rage gudun da rabi, ƙarar na sauka da kusan desibel 15, kuma a kunnen mutum ragin desibel 10 kamar rabin ƙara ne. Ke nan ɗan ragi kaɗan yana kawo sauƙi mai yawa.

Saitin da madabod ke zuwa da shi bai cika dacewa da zafinmu ba. Yakan fara ƙara gudu tun daga digiri 40 ko 50, mu kuwa nan injinmu yake zaune ko ba a komai. Shi ya sa take ta hawa da sauka ba dalili. Danna Del ko F2 lokacin kunnawa ka shiga BIOS, ka nemi wurin fankoki. Ga abin da nake sawa: zuwa digiri 55, kashi 35 cikin ɗari. A 70, kashi 55. A 80, kashi 80. Daga 85 zuwa sama, a sake ta gaba ɗaya. Wannan na ƙarshen kada ka taɓa shi, shi ne mai gadinka. In akwai wurin jinkiri, sa daƙiƙa uku zuwa biyar, don kada ta zabura duk sanda zafi ya yi tsalle na ɗan lokaci. Kunne ya fi jure ƙara mai tafiya bai-ɗaya a kan mai hawa da sauka.

Duba bakin wayar fankarka. Mai ƙafa huɗu ita ta fi karɓar umarni, saitinta PWM. Mai ƙafa uku ana rage ta ta hanyar rage wuta, saitinta DC. In ka bar mai ƙafa uku a kan PWM, za ta yi ta gudu a ƙarshe. Wadda kuma aka jona kai tsaye da faffaɗan bakin fawa-fak, ba ta jin magana sam, sai an canza ta ko an mayar da ita kan madabod. Akwai manhajar kyauta mai suna Fan Control da ke yin wannan aiki daga cikin Windows.

Sabbin katuna da yawa suna tsayar da fanka in zafi bai kai 50 ko 60 ba, don haka in ka ga ba ta juyawa a zaune, ba lalacewa ba ce. Amma a zafinmu takan yi ta kunnawa da kashewa. Gara ka sa mata kashi 30 ta riƙa tafiya a hankali.

Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfe

Tsakanin furosesa da hitsink akwai wani mai launin toka, a kasuwa tamal fes ake ce masa. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, don zafi ya wuce. In ya shekara uku ko huɗu yakan bushe ya farfashe. Duk injin tokunbo da ka saya, ɗauka nasa ya bushe. Haka katunan RX 580 da ire-irensu: da yawa sun yi aikin haƙar Ethereum dare da rana, har zuwa Satumban 2022 da aka daina haƙar ta da kati, sannan aka zubo su kasuwa. Fankokinsu da mansu duk sun gaji. A HWiNFO duba lambar wurin da ya fi zafi a katin. In ta ɗara zafin katin da fiye da digiri 25, man ya tashi aiki.

Kunna injin na minti biyar ya yi ɗumi, kashe, zare wuta. Kwance hitsink, ka ɗan murza shi hagu da dama kafin ka ɗaga. A Ryzen na soket AM4, in ka fizge kai tsaye furosesa na iya biyo shi ƙafafunta su lanƙwashe. Goge tsohon man da sifirit da tsumma mara gashi, bari ya bushe. Ɗiga sabo kamar ƙwayar wake ɗaya a tsakiya, mayar da ƙarfen, ka ɗaure sukurori a gicciye kaɗan-kaɗan. Arctic MX-4 ya wadatar, kuma ba ya ɗaukar wuta in ya zuba gefe. Man goge baki ko giris ba sa wannan aiki.

Abu biyu da za ka duba. Hitsink ɗin Intel mai ƙafa huɗu na roba, sau da yawa ƙafa ɗaya ba ta shiga ba, sai ya zauna a karkace. Sabon hitsink kuma yana zuwa da leda a gindinsa, a ɓare ta kafin a ɗora. Buɗe kati ya fi wannan wuya, akwai siraran wayoyi da katifun zafi da ba a so su yage. In hannunka bai saba ba, kai wa mai gyara ka tsaya a kansa.

Sai yanzu maganar saye

In ka yi duk wannan har yanzu da saura, to a shiga Computer Village ko Alaba. Babbar fanka ta fi ƙarama shiru, domin tana tura iska mai yawa a ƙaramin gudu. Mai milimita 120 ko 140 ta fi mai 80 nesa. Auna ramukan akwatinka kafin ka fita. Nemi mai ƙafa huɗu. A kwali duba irin boris: wadda aka rubuta FDB ko mai ƙwallaye ta fi daɗewa a zafi, mai arhar nan kuwa da wuri take fara gurnani. Araha ba ta ado. Sa mai shago ya jona ta a gabanka, ka riƙe a hannu ka ji ko tana rawa. Fitilu ba sa sanyaya komai.

Ga furosesa, dogon hitsink mai bututun jan ƙarfe da fanka 120, irin Cooler Master Hyper 212 ko na Thermalright, ya fi wanda ke zuwa a kwali shiru sosai. A cikin bututun akwai ɗan ruwa da ke tururi a gindi, ya hau sama ya huce ya dawo. Tabbatar ya dace da soket ɗinka, kuma murfin akwati zai rufu a kansa. Na'urar sanyaya ta ruwa ba dole ba ce. Ita ma da iskar ɗaki take hucewa, ga famfo da in ya mutu zafi ke hawa nan take. Ga mai shago, ƙarfe da fanka sun fi kwanciyar hankali.

Kada ka raina fawa-fak. Mai tambarin 80 Plus, in injin na buƙatar wat 300, bai wuce 375 zai ja ba, 75 ne ke zama zafi. Wanda ingancinsa ya tsaya a kashi 70 zai ja kusan 430, asarar ta kusa 130. In wutar unguwarku na yawan yin ƙasa, sa sitabilaiza, domin ƙarancin wuta na ƙara masa zafi. Tsohon hadis mai jijjiga kuma, SSD ba ya ƙara ko kaɗan.

Masu laftop, ku ɗaga bayanta da ɗan katako, kada a ɗora kan katifa, a hure ragar, a sa iyakar hoto. Masu PS4 da ke kuka kamar jirgi zai tashi, ku ma labarin ɗaya ne: ƙura, busasshen mai, da matsattsen wuri.

Ranar da za ka fara, bi su a jere: auna, gyara mazauni, hure ƙura, duba inda iska ke bi, sa iyakar hoto, saita fanka, canza mai. Bayan kowane mataki sake awo ka rubuta, don ka san wanda ya yi aiki. Kuma kada ka jira sai Maris ya shigo, ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya share injinsa a ƙarshen hunturu shi zai ci kasuwar hutun makaranta ba tare da an tashi wasa a tsakiya ba.

Allah Ya ba da kasuwa, Ya tsare mana kayan sana'a.